Marshall Nirenberg da Warware Ƙa'idar Gado: Ayyukansa da Tasirinsa a Nazarin RNA da Ginin Furotin

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe littafin ilimin halittu na zamani zai tarar da wani jadawali mai gidaje 64, kowane gida yana ɗauke da haruffa uku tare da sunan wani sinadari a gefensu. Wannan jadawali shi ake kira ƙa'idar gado, kuma da shi ne masana ke karanta abin da ke rubuce a cikin sinadarin gado na ɗan Adam da dabba da tsiro. Akasarin masu amfani da shi ba sa ambaton wanda ya fara cike gidajensa, domin ya riga ya zama abin kowa, kamar jadawalin ninkawa a makarantar firamare. Wanda ya cike gidan farko, ya kuma jagoranci cike mafi yawan sauran, shi ne Marshall Warren Nirenberg (1927-2010), masanin sinadaran halittu ɗan ƙasar Amurka.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ayyukan Nirenberg a fannin RNA da ginin furotin, da nuna inda tasirinsa ya samo asali. Maƙalar tana da ra'ayin cewa tushen wannan tasiri shi ne hanyar binciken da ya bi. A lokacin da manyan masana suke ƙoƙarin gano ƙa'idar ta hanyar lissafi da hasashe, shi ya shirya saƙon da ya san abin da ke cikinsa, ya miƙa wa ƙwayar halitta, sa'annan ya duba abin da ta fitar. Batun ya shafi manazarta harshe, saboda masana wannan fanni sun aro kalmominsu na aiki daga nazarin harshe da rubutu: harafi, kalma, kwafi, fassara, ƙamus da aya. Don haka, a ƙarshen maƙalar za a auna inda wannan kamance ya dace da kuma inda ya tsaya.

2.0 Matsalar da Masana Suka Fuskanta

2.1 DNA da RNA da Furotin

Jikin kowane abu mai rai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma mafi yawan aikin da ake yi a cikinsu furotin ne ke yin sa. Himogulobin da ke ɗaukar iska a cikin jini furotin ne, haka ma insulin da ke daidaita sukari, da sinadaran da ke narkar da abinci. Kowane furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, waɗanda iri 20 ne aka fi sani. Yadda aka jera su a cikin sarƙar shi ke tantance siffar furotin da aikinsa.

Umarnin wannan jeri yana ajiye a cikin DNA, wanda James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a 1953. Shi ma DNA sarƙa ne, amma ta sinadarai iri huɗu kacal, waɗanda ake wakilta da haruffan A, C, G da T. DNA ba ya gina furotin da kansa. Ana fara kwafe sashen da ake bukata zuwa wani sinadari ɗan'uwansa mai suna RNA, wanda ke amfani da U a madadin T. Wannan kwafi, wanda za mu kira RNA ɗan aike, yakan tafi wurin wata 'yar na'ura a cikin ƙwayar halitta da ake kira ribosom. A can ne wani nau'in RNA, wanda za mu kira RNA ɗan dako, ke kawo amino asid ɗaya bayan ɗaya, ana ɗinke su bisa umarnin saƙon.

Tambayar da ta rage bayan 1953 ita ce: ta yaya haruffa huɗu za su wakilci abubuwa 20? Harafi ɗaya-ɗaya zai ba da kalmomi 4 ne kawai, haruffa bibbiyu su ba da 16, waɗanda ba su isa ba. Haruffa uku-uku kuwa suna ba da 64, wato fiye da ninki uku na abin da ake bukata. Ana kiran irin wannan kalma mai haruffa uku kodon.

2.2 Hasashen Farko

Masanin kimiyyar fizik George Gamow ya kawo shawara a 1954 cewa kalmomin suna hawa kan juna, ta yadda harafi ɗaya zai kasance cikin kalmomi fiye da ɗaya. Sydney Brenner ya nuna a 1957 cewa wannan ba zai yiwu ba, domin da haka ne, da wasu amino asid ba za su taɓa maƙwabtaka da juna ba, alhali jerin furotin da aka sani ya nuna suna yi.

A shekarar 1957 ɗin dai, Crick da abokan aikinsa biyu, John Griffith da Leslie Orgel, suka fito da wani hasashe da ya burge masana ƙwarai. Sun tambayi yadda za a karanta saƙon da ba shi da tazara ko waƙafi tsakanin kalmominsa ba tare da an rikice ba. Amsarsu ita ce, kalmomi masu ma'ana su ne kawai waɗanda idan aka jera su, aka kuma fara karatu daga tsakiya, ba za a sami wata kalma mai ma'ana ba. Bisa wannan sharaɗi dole a zubar da AAA, CCC, GGG da UUU, saura 60. Waɗannan 60 sun kasu rukuni-rukuni na uku-uku, kamar ACG, CGA da GAC, kuma ɗaya kawai za a iya ɗauka daga kowane rukuni. Sakamakon shi ne 20 cif, daidai da yawan amino asid. Wannan dacewa ta sa mutane da yawa suka ɗauka an gama magana, duk da cewa babu gwaji ko ɗaya da ya tabbatar da ita.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Nirenberg

An haifi Nirenberg a birnin Niyok ranar 10 ga Afrilu, 1927. Yana yaro iyayensa suka koma Orlando ta jihar Filorida saboda wata rashin lafiya da ta same shi. Ya sami digiri na farko a Jami'ar Filorida a 1948, da na biyu a fannin nazarin dabbobi a 1952, inda ya yi bincike a kan wasu ƙwari na ruwa. Digirinsa na uku a fannin sinadaran halittu ya fito ne daga Jami'ar Mishigan a 1957. A wannan shekara ya kama aiki a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasa, wato NIH, da ke Bethesda a jihar Maryland, kuma a can ya yi dukkan rayuwarsa ta aiki.

Abin lura shi ne, Nirenberg bai taso a cikin da'irar masanan da suka mamaye nazarin gado a Kambirij da Faris ba, kuma ba su san shi ba. Ya shiga fagen ne a matsayin masanin sinadarai wanda ya saba da niƙa ƙwayoyin halitta da auna abin da ke faruwa a cikin kwalbar gwaji. Wannan horo ne ya ba shi hanyar da waɗancan ba su bi ba.

4.0 Manyan Ayyukansa

4.1 Gwajin 1961

A shekarun 1950 Paul Zamecnik da abokan aikinsa a Boston sun nuna cewa ana iya gina furotin a wajen ƙwayar halitta mai rai, muddin an tattara kayan cikinta a kwalba. Nirenberg da wani matashin masani Bajamushe, Heinrich Matthaei, suka inganta wannan dabara da bakteriyar E. coli. Sun niƙa bakteriyar, suka tace ruwan da ke ɗauke da ribosom da RNA ɗan dako da sauran sinadaran aiki, sa'annan suka zuba wani sinadari da ke lalata DNA. Da tsohon saƙon da ke ciki ya ƙare, ginin furotin sai ya tsaya. Abin da suka samu ke nan shi ne na'urar karatu wadda ba ta da abin karantawa, tana jiran duk saƙon da aka ba ta.

Saƙon da suka ba ta shi ne RNA na haɗi wanda ba shi da komai sai harafin U, wato UUUUUU har ƙarshe. Suka shirya kwalabe, a kowace an sa wa wasu amino asid alama ta sinadari mai fitar da haske da na'ura ke iya ganowa, domin a san wanne ne ya shiga sarƙar. Da asubahin ranar 27 ga Mayu, 1961, Matthaei ya tabbatar da cewa abin da aka gina sarƙa ce ta amino asid guda ɗaya tak, mai suna fenilalanin. Idan kalmomin masu haruffa uku ne, to UUU tana nufin fenilalanin. Wannan ita ce kalma ta farko da aka karanta a cikin ƙa'idar gado.

Sakamakon ya warware abubuwa biyu a lokaci guda. Da farko, ya nuna kai tsaye cewa RNA ne ke ɗauke da umarnin ginin furotin. Na biyu, ya rushe hasashen 1957, domin UUU tana cikin kalmomin da hasashen ya ce ba su da ma'ana. Daga baya an gane cewa akwai sa'a a cikin lamarin. A ƙwayar halitta mai rai, ribosom ba ya fara karatu sai ya ga alamar farawa, amma yawan gishirin maganiziyam da ke cikin kwalaben ya sa ya fara ba tare da ita ba.

A watan Agusta na 1961 Nirenberg ya gabatar da sakamakon a taron duniya na biyar na masana sinadaran halittu a birnin Mosko, yana da shekara 34. Mutane kaɗan ne suka halarci jawabinsa. Da labari ya kai ga Crick, sai ya shirya masa ya maimaita jawabin a babban zaure gaban ɗaruruwan masana. An buga rahoton a watan Oktoba a mujallar Makarantar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka.

A watan Disamba na wannan shekara, Crick da Brenner da abokansu suka kawo hujja ta wata hanya daban cewa ana karanta saƙon ne uku-uku daga wani mafari tsayayye. Ana iya kwatanta hujjarsu da jimlar Hausa mai kalmomi masu haruffa uku:

ALI ZAI KAI MAI CAN YAU

Idan aka cire harafi ɗaya, a ce L, aka ci gaba da yanka uku-uku, komai ya lalace:

AIZ AIK AIM AIC ANY AU

Amma idan aka cire haruffa uku a kusa da juna, wato L da I da Z, ɓarnar ta tsaya a farko kawai:

AAI KAI MAI CAN YAU

Irin wannan ne suka gani a jikin wata ƙwayar cuta da ke kama bakteriya: canji ɗaya ko biyu yana kashe aikin furotin, canji uku kuwa yakan dawo da shi.

4.2 Tsere da Ochoa

Bayan taron Mosko, Severo Ochoa na Jami'ar Niyok, wanda ya riga ya sami kyautar Nobel a 1959 kuma yake da babban ɗakin bincike, ya shiga neman sauran kalmomin. A ɗakin bincikensa ne Marianne Grunberg-Manago ta gano, a 1955, sinadarin da ake amfani da shi wajen haɗa irin wannan RNA. Ganin haka, wasu masana na NIH, cikinsu har da Leon Heppel da Maxine Singer da Robert Martin, suka taimaka wa Nirenberg da haɗa sinadarai, wasu ma suka jingine nasu ayyukan.

Ba a jima ba aka gano cewa sarƙar A zalla tana ba da laisin, ta C zalla kuma furolin. Sauran kalmomin sun fi wuya, domin sinadarin haɗawar yana jera haruffa ne barkatai. Sai ɓangarorin biyu suka koma ga lissafi. Alal misali, idan aka gauraya U da G bisa kashi uku da ɗaya, a cikin kowace kalma 64 ana sa ran UUU ta fito sau 27, UUG da UGU da GUU kowace sau 9, masu G biyu kowace sau 3, GGG kuma sau ɗaya. Ta hanyar kwatanta waɗannan adadi da yawan kowane amino asid da ya shiga sarƙar, ana iya sanin haruffan da kalmarsa ta ƙunsa. Sai dai wannan hanya ba ta nuna yadda aka jera su. Tamkar a ce mutum ya san wata kalma ta ƙunshi a, i, m da r, amma ya rasa ko rami ce ko mari.

4.3 Gwajin 1964

Nirenberg da Philip Leder suka warware wannan cikas a 1964. Sun gano cewa ba sai an ba ribosom dogon saƙo ba. Guntun RNA mai haruffa uku kacal ya isa ya sa RNA ɗan dako da ya dace ya maƙale a jikin ribosom tare da amino asid ɗinsa. Sai suka yi amfani da wata matata wadda ribosom ke liƙewa a jikinta, amma RNA ɗan dako da bai maƙale ba yana wucewa. Idan aka zuba kalma guda da aka san jerin haruffanta, aka tace, amino asid ɗin da alamarsa ta tsaya a kan matata shi ne ma'anar kalmar. Ta haka aka san GUU tana nufin balin, UUG lusin, UGU kuma sistin. Gwajin ya ƙara nuna cewa haruffa biyu ba sa isa, uku ne mafi ƙaranci. Da wannan dabara rukunin Nirenberg ya tantance kimanin kalmomi 50 daga cikin 64.

A daidai wannan lokaci Har Gobind Khorana, a Jami'ar Wisconsin, ya ƙware wajen haɗa dogayen saƙonni masu maimaita tsari sananne. Saƙon UCUCUC, misali, ya ba da serin da lusin suna musanya, wanda ya dace da UCU da CUC. Robert Holley na Jami'ar Cornell kuwa ya fitar da cikakken jerin haruffa 77 na wani RNA ɗan dako mai ɗaukar alanin a 1965. Zuwa 1966 jadawalin ya kusan kammala, ma'anar UGA ce ta tabbata a shekara mai biye. Mutanen uku, Nirenberg da Khorana da Holley, sun raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1968.

4.4 Siffar Ƙamusun da Aka Samu

Daga cikin kalmomi 64, guda 61 suna wakiltar amino asid. Uku, wato UAA da UAG da UGA, alamun tsayawa ne, suna aikin aya. Kalmar AUG tana da aiki biyu: tana nufin metiyonin, kuma ita ce alamar farawa. Yawancin amino asid suna da kalma fiye da ɗaya. Lusin da serin da arjinin suna da shida-shida, alhali metiyonin da tiriftofan ɗaya-ɗaya gare su. Kalmomi masu ma'ana ɗaya galibi sun bambanta ne a harafi na uku, misali GUU, GUC, GUA da GUG duk balin suke nufi. Yawan kalmomin da masu hasashe suka ɗauka matsala ce da ya kamata a kawar, ya bayyana cewa kariya ce, domin kuskure a harafi na uku sau da yawa ba ya canza furotin.

5.0 Tasirin Ayyukansa

5.1 Ƙa'ida Ɗaya ga Dukkan Halittu

A 1967 Nirenberg da Richard Marshall da Thomas Caskey suka gwada RNA ɗan dako na bakteriya da na wani kwaɗo na Afirka da na wata 'yar dabba mai shayarwa, suka tarar duka suna karanta kalmomin da ma'ana ɗaya. Wannan ya zama babbar hujja cewa halittu sun fito daga tushe guda. Ya kuma buɗe wata ƙofa ta aiki: idan bakteriya tana karanta saƙon ɗan Adam daidai, to ana iya sa ta gina furotin na ɗan Adam. A 1978 kamfanin Genentech ya samar da insulin na ɗan Adam daga E. coli, kuma an amince da amfani da shi ga masu ciwon sukari a 1982. Kafin nan daga jikin shanu da aladu ake samo insulin.

Daga baya an sami 'yan wurare da suka saɓa wa jadawalin. A 1979 aka gano cewa a cikin mitokondiriya, wato sashen ƙwayar halitta da ke samar da ƙarfi, UGA tana nufin tiriftofan a jikin ɗan Adam. Haka kuma an gano ƙarin amino asid biyu da wasu halittu ke sakawa a gurbin alamar tsayawa. Waɗannan bambance-bambance kaɗan ne, kuma da jadawalin na asali ake auna su.

5.2 Misalin Cutar Sikila

Nijeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar yara masu cutar sikila a duniya, saboda haka misalinta ya fi kusa da mu. A tsakanin 1956 da 1957 Vernon Ingram ya nuna a Kambirij cewa himogulobin mai sikila ya bambanta da lafiyayye a amino asid ɗaya tak. A gurbi na shida na sarƙar da ake kira beta, mai amino asid 146, balin ya maye gurbin gulutamik asid. Ingram ya ga canjin a jikin furotin, amma ƙa'idar gado ce ta bayyana asalinsa a cikin saƙo: GAG ta koma GUG. Manazarcin tsarin sauti zai ga zubin kamantau a nan, irin na baki da baƙi, inda bambancin ƙwayar sauti ɗaya ya raba ma'ana biyu. Wannan harafi ɗaya ne ke sa himogulobin ya dunƙule idan iska ta yi ƙaranci, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Duk wani gwaji na zamani da ke neman irin wannan canji a cikin DNA ya dogara ne ga jadawalin domin fassara abin da ya gani.

5.3 Daga Karatu zuwa Rubutu

Aikin karanta dukkan DNA na ɗan Adam, wanda aka sanar da kammalawarsa a 2003, ya fitar da haruffa kimanin biliyan uku. Da ƙa'idar gado aka tantance sassan da ke ɗauke da umarnin furotin, waɗanda yawansu ya kai kimanin 20,000. Rigakafin cutar korona na kamfanonin Pfizer da BioNTech da na Moderna, waɗanda aka fara amfani da su a ƙarshen 2020, RNA ɗan aike ne da aka haɗa a ɗakin bincike, ana shigar da shi jiki domin ribosom ya gina wani furotin na ƙwayar cutar, garkuwar jiki ta koyi gane shi. Katalin Karikó da Drew Weissman sun sami kyautar Nobel a 2023 saboda binciken da suka buga a 2005, wanda ya nuna yadda za a gyara harafin U domin kada jiki ya yaƙi saƙon kansa. A asali, wannan shi ne gwajin 1961 da aka faɗaɗa: a rubuta saƙo, a miƙa wa ribosom, a sami furotin da ake so.

5.4 Ɗalibai da Jan Kunne

Wani ma'aunin tasiri shi ne mutanen da suka sami horo a hannunsa. Leder ya shugabanci sashen nazarin gado a makarantar likitanci ta Harvard. Caskey da Edward Scolnick, tun suna tare da shi, sun yi aiki a kan sinadaran da ke gane alamar tsayawa su saki furotin da aka gama ginawa, sa'annan kowannensu ya yi fice a binciken cututtukan gado da na sankara. Shi kansa Nirenberg, bayan kammala jadawalin, ya koma nazarin ƙwayoyin jijiya da ƙwaƙwalwa. A shekarun 1970 shi da Werner Klee sun yi amfani da ƙwayoyin da ake reno a kwalba wajen bayyana yadda jiki ke sabawa da magunguna dangin mofin.

A 1967 ya rubuta sharhi a mujallar Science inda ya yi gargaɗi cewa ɗan Adam zai iya samun ikon shirya wa ƙwayoyin jikinsa saƙo tun kafin ya iya auna abin da hakan zai haifar, kuma al'umma mai ilimin lamarin ce ya kamata ta yanke hukunci a kansa. Shekara takwas bayan haka, a 1975, masana suka taru a Asilomar ta jihar Kalifoniya domin shata iyakoki ga gwaje-gwajen sauya DNA. Nirenberg ya rasu ranar 15 ga Janairu, 2010.

6.0 Ƙa'idar Gado da Harshen Ɗan Adam

Masanin harshe Roman Jakobson na cikin waɗanda suka ja hankali ga kamancen da ke tsakanin ƙa'idar gado da harshe. Kamancen yana da tushe ta fuskoki uku. Na farko, haruffa huɗun ba su da ma'ana a kan kansu, sai an haɗa su, kamar yadda ƙwayoyin sauti suke. Na biyu, ana karanta saƙon a jere ta fuska ɗaya, yana da mafari da matsaya. Na uku, dangantakar kalma da ma'anarta ba ta tilas ba ce. UUU ba ta taɓa fenilalanin kai tsaye. RNA ɗan dako ne ke tsakaninsu, kuma wani rukunin sinadarai ne ke ɗora wa kowane ɗan dako kayan da ya dace da shi. Wannan ya yi kama da ra'ayin Ferdinand de Saussure game da alaƙar lafazi da ma'ana. Duk da haka, jadawalin yana da tsari a cikinsa, misali kalmomin da ke da U a tsakiya duk suna wakiltar amino asid masu gudun ruwa.

Iyakar kamancen ita ma a fili take. Ƙamusun gado rufaffe ne, yana da kalmomi 64 masu tsawo ɗaya, ba ya aro, ba ya ƙirƙira. Babu mai magana da mai sauraro, babu niyya, kuma ma'ana a nan ba ta wuce wane sinadari ne zai biyo baya ba. Jadawalin yana faɗin jerin amino asid kawai. Yadda sarƙar za ta naɗe, da lokacin da za a karanta wane sashe na DNA a wace ƙwayar halitta, wasu hanyoyi ne daban ke tafiyar da su. Saboda haka ya fi dacewa a kwatanta ƙa'idar da tsarin musayar rubutu, kamar juya matani daga ajami zuwa boko, a kan a kwatanta ta da cikakken harshe mai ginin jimla.

Inda darasin ya fi ƙarfi ga manazarcin harshe shi ne hanyar bincike. Hasashen 1957 ya faɗi ne domin ya ɗauka tsarin da ya fi kyau a lissafi shi ne tsarin da ke akwai. Nirenberg ya yi abin da mai binciken fage ke yi idan ya zauna da ɗan asalin harshe: ya fara da mafi sauƙin furuci, ya canza abu ɗaya a lokaci guda, ya rubuta amsar da aka ba shi ko da ta saɓa wa abin da ake zato.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi diddigin ayyukan Marshall Nirenberg tun daga gwajin 1961 da ya karanta kalmar farko, zuwa dabarar 1964 da ta ba da jerin haruffa, da binciken 1967 da ya nuna ƙa'idar ta game halittu. An ga cewa aikin bai kammala da shi kaɗai ba, domin Matthaei da Leder da Ochoa da Khorana da Holley da Crick da Brenner duk suna da kaso a ciki. Abin da ya keɓanta da shi shi ne mayar da tambayar daga allon lissafi zuwa kwalbar gwaji, inda ake iya samun amsa ɗaya bayan ɗaya. Insulin na haɗi, da fassarar canjin da ke haddasa sikila, da rigakafin RNA, duk sun dogara ga jadawalin da wannan hanya ta samar. Ga masana harsunan Nijeriya kuma akwai aikin da ya rage, wato daidaita kalmomin wannan fanni a harsunanmu, domin iyayen da aka gaya wa sakamakon gwajin jininsu su fahimci abin da ake nufi da canjin harafi ɗaya.